Masu sana'ar kansu, ku duba zubin fanshonku tun kofa ba ta rufe ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina rokon ka dan ba ni fili in yi magana kan wani abu da na lura masu sana'ar kansu ba sa daukarsa a bakin komai, musamman wadanda neman abinci ya kai su kasashen da gwamnati ke biyan fanshon tsufa ga duk wanda ya yi zubi, ba ma'aikatanta kadai ba. Direban tasi ne, tela ne, mai aski, mai kitso, mai gyaran famfo ko wutar lantarki, mai kai sako a babur, duk wanda dai ba shi da ubangidan da ke biyansa albashi a karshen wata, da shi nake.

Shi ma'aikacin kamfani ai an hutar da shi, kafin albashi ya shigo hannunsa an riga an cire na fansho an tura, ko ya so ko bai so ba, wani ma har ya yi ritaya bai taba sanin nawa ake cirewa ba. Kuma ko da kamfanin ne ya ci amana, ya cire kudin bai kai ba, a yawancin kasashen nan doka tana bayan ma'aikaci. A Italiya misali sashe na 2116 na kundin dokarsu ya ce hakkin ma'aikaci yana nan ko ubangidansa bai biya ba, hukuma ce za ta bi kamfanin. To amma wannan rangwamen bai shafi mai sana'ar kansa ba, don shi ne ma'aikacin shi ne kuma ubangidan, babu wanda zai nuna da yatsa ya ce ga wanda ya cuce ni. In bai zuba ba, bai zuba ba kenan.

Abin da ya sa na dauki alkalami shi ne yadda mutane ke daukar wannan bashin kamar sauran basussuka. Kowa ya san in ana bin ka bashi aka dade ba a zo ba, har doka ta ce lokacin karba ya wuce, to ka sha. Na sha jin ana fadar haka da murna, wai "ai nawa ya mutu, ba za su iya bi na ba kuma". Wallahi Malam Edita wannan murnar ba ta da wuri, domin bashin zubin fansho in ya mutu tare yake mutuwa da shekarun aikinka. A Italiya dokar 335 ta shekarar 1995 ta sa wa'adin shekara 5, in ya wuce hukumar fanshonsu ta INPS ba za ta bi ka ba, gaskiya ne, amma kuma ko ka dauko kudin da kanka ka kai musu ba za su karba ba, doka ta hana su. Kuma kasar nan sai kana da zubin shekara 20 kafin a ba ka fanshon tsufa a shekara 67. To ka ga mutumin da ya yi shekara 22 yana sana'a, hudu daga ciki bai biya ba kuma sun mutu, yana da 18 kenan a takarda, ga kudi a aljihunsa yana so ya cike amma babu inda zai zuba su. Wane irin sha ne wannan?

Sifaniya ma kusan haka ne, sai dai su nasu ya fi tsanani ta wani gefen. Masu sana'ar kansu suna karkashin wani tsari da ake kira RETA tun 1970, kowane wata ake zubi, kuma in ka makara akwai tara, kashi 10 cikin 100 in ka biya a watan da ya biyo baya, in ka wuce haka ya koma kashi 20. Ana bukatar akalla shekara 15 na zubi, kuma biyu daga ciki dole su fado cikin shekara 15 na karshe kafin ritaya, wanda wannan sharadin na biyu shi ne yake kama mutanen da suka yi aiki da kuruciya sannan suka bar zubi suna ganin ai sun riga sun cika. Sannan ga babban, ko kana da shekara 30 cif, ranar da ka je neman fansho dole ya zama ba a bin ka ko sisi. In ana bin ka, kuma shekarunka sun riga sun kai ba tare da bashin ba, sai su aiko maka da takarda su ba ka kwana 30 ka biya. Ka biya cikin kwanakin, shi kenan kamar ba a yi ba. Ka wuce, fanshon zai fara ne daga ranar daya ga watan da ke bin watan da ka biya, na watannin baya sun tafi. To dattijon da ya rufe shago don karfi ya kare, ina zai samo kudin shekara biyu ko uku da tararsu cikin kwana 30? Alhali da ya je tun yana kan sana'a ya nemi a raba masa bashin yana biya kadan kadan, aka amince kafin lokacin ritaya, doka za ta dauke shi a matsayin wanda ba a bi. Hanya tana nan a bude, rashin sani ne da kuma tsoron ofis, mutum yana ganin in ya kai kansa kamar ya tono wa kansa rigima.

Bari in dan dade a kan Birtaniya, don nan ne na fi ganin abin da idona kuma nan ne abin ya fi ban haushi saboda kudin ba wani kudi ba ne. Sabon tsarin fanshonsu ya fara aiki ranar 6 ga Afrilu 2016, kuma lissafinsa na shekaru ne. Kana bukatar shekara 10 kafin ka samu ko kwabo, shekara 35 kuma ka samu cikakke, wanda a shekarar haraji ta 2025/26 ya kama fam 230.25 a mako. Mai shekara 10 zai samu kusan fam 66 a mako, mai shekara 9 kuwa ba shi da komai, ba wai za a rage masa ba ne, a'a, babu. Shekara daya tak ita ce tsakanin wani abu da hannu rabbana.

Zubin Inshorar Kasa, wato zubin da ake lissafa shekarun fansho da shi a can, wanda masu sana'ar kansu ke yi iri biyu ne, akwai aji na 2 akwai aji na 4, kuma nan ne rudanin yake. Aji na 4 shi ne mai tsoka, ana cire shi daga riba, yanzu kashi 6 cikin 100 na ribar da ke tsakanin fam 12,570 da 50,270, shi mutum yake ji a jikinsa, sai ya dauka ai tunda yana biyan wannan makudan kudi to fanshonsa na taruwa. Alhali tun asali ba shi ne ke saya maka shekara ba, dan karamin nan ne, aji na 2, wanda a 2025/26 fam 3.50 ne kacal a mako. Daga Afrilun 2024 an saukaka abin, duk wanda ribarsa ta kai wani mataki, fam 6,845 a 2025/26, ana rubuta masa shekarar kamar ya biya aji na 2 ko bai biya ba. Madalla. Amma wanda ribarsa ta gaza haka fa, wato talakan cikinsu, wanda ya fi kowa bukatar fanshon, shi ba a rubuta masa komai sai in ya ce da bakinsa yana so ya biya na ganin dama. Kuma wannan sassaucin bai koma baya ya cike ramukan shekarun da suka wuce ba.

Akwai wani aminina mai aski a can, mutum mai tsare gaskiya, duk shekara yana cike takardar haraji kafin 31 ga Janairu bai taba makara ba. Wata rana muna zaune na matsa masa ya bude shafinsa na gwamnati a waya mu ga shekarunsa, yana ta cewa ba sai an duba ba shi kam lafiya lau yake. Shafin yana jero shekarun ne daya bayan daya, kowace da bayaninta, wannan ta cika, wannan ta cika, yana ja da babban yatsa yana murmushi, sai ga 2020/21 ba ta cika ba, ta bayanta ma haka. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake ja sama ya dawo kasa. Lokacin korona ne, shago ya yi watanni a rufe, riba ta fadi kasa da matakin, shi kuma wanda ke cike masa takarda ya ga ai ba dole ba ne sai ya tsallake dan akwatin da ake sa alama a ce ana so a biya na ganin dama, a ganinsa ya yi wa mutum tanadi. Bai ma fada masa ba. Kudin kowace shekara bai kai fam 200 ba.

Shi Allah ya taimake shi an gani da wuri, domin ka'idar Birtaniya shekara 6 ce kake da ita ka koma baya ka cike, wa'adin kuma yana cika ne duk ranar 5 ga Afrilu. Shekarar 2023/24 misali kana da har 5 ga Afrilu 2030. An taba bude wata kofa ta musamman da mutum zai iya komawa har 2006 ya cike, an yi ta kara wa'adinta, amma ta rufe ranar 5 ga Afrilu 2025, kuma na san mutane da yawa sai bayan ta rufe suka ji labarinta.

Ga lissafin da nake so kowa ya yi da kansa, da alkaluman 2025/26. Fam 3.50 sau mako 52 ya kama fam 182 a shekara. Kowace shekara daya da ka cike tana kara maka kashi daya cikin 35 na cikakken fansho, wato wajen fam 6.58 a mako, kusan fam 342 a shekara, kuma har iya rayuwarka. Kenan cikin wata bakwai da fara karba ka mayar da kudinka, sauran duk riba. Ko wanda bai cancanci aji na 2 ba sai na 3, wato wani zubin ganin dama da ya fi tsada, mai fam 17.75 a mako a 2025/26, fam 923 a shekara, bai kai shekara uku ba ya fanshe. Ni dai ban san wata kasuwa da ke ba da irin wannan ba. Sai dai a yi hattara, ba kowace shekara ce in ka cike take kara maka wani abu ba, wanda ya fara zubi kafin 2016 lissafinsa yana da dan murdiya, haka wanda yake da sauran shekarun aiki a gaba da za su kai shi 35 ko bai cike ba, to wannan asarar kudi zai yi. A duba hasashen fansho a tambayi hukuma tukuna kafin a tura kudi.

Amurka kuwa ta nata salon. Maki 40 ake nema, ba a samun fiye da 4 a shekara, kenan shekara 10, mai sana'ar kansa kuma yana biyan kashi 15.3 cikin 100, nasa da na ubangida duka a kansa. Su abin da suke kallo shi ne ka shigar da takardar haraji ka bayyana abin da ka samu, in shekara 3 da wata 3 da kwana 15 suka wuce ba ka shigar ba, to da wuya a sake sa maka wannan shekarar a lissafi ko da daga baya hukumar haraji ta kama ka ta karbi kudinta. Ka biya harajin kuma ba ka samu makin ba, duka biyu. Sannan kudin fanshon ana auna shi ne da shekaru 35 da ka fi samu, in ba su kai ba sai a cike da sifili a raba. A Jamus yawancin masu sana'ar kansu ma ba a tilasta musu shiga ba, shekara 5 kawai ake nema, amma mai zubin ganin dama yana da zuwa 31 ga Maris na shekara mai zuwa ne kawai ya biya na bara.

Wannan ya kawo ni kan wata dabi'a da ba a son a fada. Da yawa ba wai ba sa cike takarda ba ne, suna cikewa, amma ana zama da akawu a matse riba har ta koma kamar ba a samu komai ba, a karbi kudi a hannu kada ya bi ta banki, a ce an yi dabara. Ban zo yin wa'azi kan haraji ba, wannan tsakanin mutum da hukuma ne da kuma Ubangijinsa. Abin da nake cewa kawai, takardar da ka nuna wa gwamnati cewa kai fakiri ne, ita din dai za a dauko ranar da ka tsufa a auna maka fansho da ita, ranar wanka ba a boyon cibi. A Sifaniya kafin 2023 mutum ne ke zabar matakin da zai yi zubi a kai, mafi yawansu suka rika zabar na kasa, shi ya sa fanshon masu sana'ar kansu ya kasance kasa da na ma'aikata sosai, har gwamnati ta canza tsarin ta daura shi kan ainihin abin da mutum ke samu.

Na san abin da za a ce min, don an sha fada min. Wani ya ce wa ya san gawar fari, wa ya ba ni tabbacin zan kai 66 ko 67. Gaskiya ne rai na hannun Allah, amma tambayar da ta fi ita ce in ka kai fa? Kuma zubin nan a kasashe da dama ba na tsufa kadai ba ne, shi ne dai ake dubawa in mutum ya nakasa ko ya rasu ya bar mata da kananan yara. Wani kuma ya ce gara ya juya kudinsa a kasuwa ko ya sayi fili, wannan ina girmama shi in har da gaske yana yi, sai dai mu fadi gaskiya, kudin da ba a zuba ba yawanci ba fili suke zama ba, cefane da kudin haya da biki ne ke cinye su. Wanda na fi tausaya wa shi ne mai cewa wallahi babu ne, wata ya zo ciniki bai yi ba, zai biya haya ne ko zai biya fanshon da sai nan da shekara 25. Wannan ba ni da bakin zarginsa. Abin da zan ce masa kada ya yi shiru ya buya, ya je ya nemi a raba masa, ko ya duba ko yana cikin wadanda ake rubuta wa shekara kyauta, don a Birtaniya misali mai karbar kudin tallafin yara na yaron da bai kai shekara 12 ba ana rubuta masa shekarar, haka mai jinyar wani nakasasshe in ya cika sharudda. In ma sana'ar ta tsaya gaba daya to ya je ya cire sunansa a hukumance, domin a irin su Sifaniya da Italiya muddin sunanka na cikin rajista bashin yana ta hawa ne ko ka shekara ba ka bude shago ba.

Sai masu cewa ai ni ba a nan zan tsufa ba, gida zan koma. To fanshon da ka cancanta ai yana bin ka, Birtaniya tana biya ko ina kake a duniya, illa dai a kasashe da yawa, ciki har da Kanada da Ostireliya da yawancin kasashen Afirka, ba a yi maka karin shekara shekara, a kan abin da ka fara da shi za ka tsaya. Duk da haka ai ya fi babu. Wanda kuma ya yi yawo cikin Tarayyar Turai, shekara shida nan takwas can, dokarsu ta 883 ta shekarar 2004 ta ce a hada masa shekarun wuri guda don a ga ko ya kai, kowace kasa ta biya rabonta. Amma shekarun da aka zuba ake hadawa, ba wadanda aka yi ana aiki a boye ba.

Su ma gwamnatocin ban wanke su ba. In harajinsu ne ka makara da kwana daya wasika ta iso da tara a ciki, amma in ramin a fanshonka yake, wanda kai kadai zai cuta, sai ka ji tsit, sai dai in kai ka je ka bincika. Me zai hana duk shekara a aiko wa mai sana'ar kansa 'yar takarda da harshe mai sauki, a ce masa kana da shekara kaza, saura kaza, shekara kaza za ta rufe ranar kaza, kudinta kaza? Duk bayanan nan suna cikin kwamfutarsu. Su ma akawun da ke karbar kudin mutane suna cike musu takarda, ya kamata a ce kafin su tsallake wannan akwatin sun tambayi mai shi.

Wadanda abin ya fi ci kuma ba a maganarsu su ne matan da ke tsaye a shagon miji. Ita ce a kanta tun safe, ita ke karbar kudi ita ke lissafi, shekara 20 ana haka, amma rajista da sunan maigida take shi kadai, shi ke da shekaru ita ba ta da ko daya. A tsohon tsarin Birtaniya mace na iya samun wani abu ta hanyar zubin mijinta, sabon tsarin na 2016 kuwa kowa tasa ta fisshe shi ne, in ban da wasu 'yan kebabbun yanayi. Don haka maigidan da ya bude shafinsa ya ga nasa ya cika, don Allah ya mika wa uwargida wayar ita ma ta bude nata.

Malam Edita, in da hali ina rokon ku samo wani masanin wannan fanni ya rika amsa tambayoyin masu karatu ko da sau daya ne a wata, domin dokar kowace kasa daban take kuma alkaluman suna canzawa duk shekara, wadanda na kawo ma a sake duba su kafin a yi aiki da su. Na gode da wannan fili, Allah ya kara wa jarida daukaka.

Naku,
Wani mai karatunku na kullum